Liƙin Kawu a Kan Ƙanƙara

Wanda ya ba mu Kawu ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa. An binne shi a nan Doha bayan la'asar, a ranar da ya cika, cikin ƙasar da ya yi wa aiki tun gemunsa na baƙi, wadda kuma ba ta taɓa zama tasa ba.

Gidanmu a Nu'aija ɗan ƙarami ne, don haka maza suka cika falo har suka gangara matakala, mata suka cushe a ɗakina. Ɗan kafil ɗin Kawu ya zo, wato ɗan ubangidansa Balarabe, wanda Kawu ya riƙa kaiwa makaranta yana yaro, yanzu shi ma da furfura. Ya zauna a ƙasa da farar rigarsa ya yi kuka tsakaninsa da Allah, ko gahawar da aka miƙa masa bai iya sha ba. Kocin 'yata ma ta zo, wata Baturiya doguwa, rungume da furanni ta rasa inda za ta ajiye, sai da maƙwabciyata ta karɓa ta kai kicin ta tsoma a bokiti. Waɗannan biyun ba ni da ƙorafi a kansu.

Sauran namu ne, 'yan Arewa masu gadi da masu tuƙi, wasu ko kayan aiki ba su cire ba. Wannan ya ce, "Hajiya, an yi rashi, uban kowa ne." Wancan ya ce, "Wallahi ba mu da kamarsa a garin nan." Ina amsawa, tunda ba a korar mai gaisuwar mutuwa. Amma da na fito da shayi, sai na ji wani a matakala ya rage murya yana ce wa na kusa da shi, "Sarkin Ƙanƙara ya tafi." Ɗayan ya cire hula ya toshe bakinsa da ita. Sun ɗauka ban ji ba. Na ji sarai, kuma ba don shayin na baƙi ba ne da na juye musu shi a ka.

'Yata ba ta fito wajen kowa ba. Shekararta sha huɗu, kuma tana wasan zamiya a kan ƙanƙara, irin wanda ake sa takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa, a yi ta juyi da tsalle ana bin kiɗa, alƙalai na ba da maki. Kawu ne ya ɗora ta a kan wannan hanya, kuma a shekara biyun ƙarshe na rayuwarsa abu ɗaya kawai yake nema a wajen mutane: a bar shi ya sake ganinta tana yi. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Na san ba za a manta da shi ba, wayoyin mutane ba za su bari ba. Ina so dai a samu wani wuri ɗaya da aka faɗi yadda abin yake.

Ƙanin mahaifiyata ne. Sunan uwarsu aka sa mini, don haka tun ina goye yake kirana Uwata, har a gaban likitoci a asibitin da nake aikin jinya. Direba ne a wata gona a Umm Salal, yana da ɗaki a bayan itatuwan dabino, kusa da garken awaki. Ɗakin nan ba ya rabo da baƙo. Duk wanda ya sauka daga gida ya tarar wanda ya yi masa alkawarin aiki ya kashe waya, can ake tura shi. Kawu ya ba shi katifa, shi ya koma tabarma, ya koya masa yadda ake gaida Balarabe da inda ake samun garin masara. Ranar Juma'a ya tuƙa tuwo da kansa, mai gudaji, a ci a yaba dole.

Kada a ce na mai da shi waliyyi. Kawu ba ya shawara. In ya sa abu a ransa, sai dai ka ji labari bayan ya gama. Yana tuƙi a hankali har na baya su cika titi da hon, shi ko a jikinsa, yana cewa, "Su yi ta yalla yalla, ni ban taɓa ganin inda aka rufe Doha don mutum ya makara ba." Bai iya ba da haƙuri ba. In ya ɓata maka, washegari zai aiko da dabino, wannan shi ne iyakar abin da za ka samu.

Zuwan 'yata filin ƙanƙara ma ba da sanina aka fara ba. Jikokin kafil ɗinsa yake kaiwa wani babban kanti mai filin a tsakiyarsa, ni kuma ina bakin aiki, babanta ma haka, sai ya riƙa ɗaukarta don kada ta zauna ita kaɗai. Lokacin ko haƙorin gaba ba ta fara famfara ba. Jikokin kafil suka yi 'yan makonni suka gaji suka koma hawan doki, ita kuwa aka kasa raba ta da wurin. Ranar da na fara zuwa in gani, na tarar da shi a bakin shinge, ya ɗora rigar sanyi a kan kaftani, ya ja hula har kunne, ga filas ɗin shayi mai citta a hammata. Ya nuna mini ita da haɓa, tana juyi a tsakiyar fili kamar katantanwa.

Ya ce, "Kin ga mutuniyata? A garinmu ƙanƙara sha ake yi, in an samu. Ita takawa take."

Na ce, "Kawu, in ta karye fa?"

Ya ce, "Ba ke ce mai ɗori ba?"

Daga nan abin ya zama gaske. Koci ta gan ta ta ce a sa ta a kulob, horo ya koma bayan asuba kafin makaranta, domin lokacin ne filin ba kowa. Kawu ya riƙa tasowa daga Umm Salal da ya idar da salla, ya ɗauke ta, ya tsaya a shinge har a gama. In ta fito sai ya durƙusa, da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya goge ƙarfen takalmin da gefen hiraminsa don kada ya yi tsatsa. Na sayo masa tawul musamman, ya ce tawul ba ya jin abin da yake gogewa. Da babanta ya fara ƙunƙuni a kan kayan da 'yan wasan ke sawa, Kawu bai yi musu da shi ba. Ya ɗauki yarinya ya kai wajen wani tela Ba'indiye, aka ɗinka mata riga mai dogon hannu da wando har idon sawu, ya kawo ya ajiye a gaban babanta ya ce, "Saura me?" Babanta ya ce ba saura.

Ni ce na fi yin rigima da shi. Wata rana na gaji, na ce masa abin nan ba shi da gaba. Yarinya an haife ta a nan amma ba 'yar ƙasa ba ce, ba za su ba ta tutarsu ta ɗauka ba. Gida kuma wa zan je in ce wa 'yata na rawa a kan ƙanƙara, a garin da ruwan sanyi ma sai an yi sa'ar wuta? Na ce gara ta mai da hankali a kan karatu. Ya bar ni na zazzage duka, yana ɓare goro da farce.

Sannan ya ce, "Uwata, ni na yi tuƙi a ƙasar nan har ƙafata ta lanƙwashe, gaban me na samu? Ko kabari sai sun ga dama za su ba ni. Yarinya ta samu abu guda da in tana yi take manta ita baƙuwa ce. Ki bar ta."

Na bar ta, kuma har yau ban ce ya yi kuskure a wannan ba.

Tana da sha biyu aka sa ta a gasarta ta farko ta gaske, mai alƙalai a jere a kan tebur da yara daga wasu ƙasashe. Ta yi watanni tana fama da wani tsalle mai juyi biyu a sama, tana faɗuwa har cinyarta ta yi baƙi. Kawu ya bi mutanenmu ɗaya bayan ɗaya yana gayyata kamar bikin suna. Na gaya masa yadda ake yi a wurin: ana zama shiru, in an gama a tafa, mai so ya jefa 'yar tsana ko fure daga inda yake zaune.

Ya ce, "Daga nesa? Kamar mai jefa wa kare ƙashi?"

Na yi dariya, na ɗauka magana ta ƙare. Kawu ɗan kallon kokawa ne tun yana saurayi a ƙauyensu can gefen Katsina. A wajensa, in naka ya yi abin a zo a gani a fili, a take ake tashi a shiga a liƙa masa kuɗi a goshi, don kowa ya san yana da mutane. Wanda ya zauna har aka tashi, kunyar nasa yake ji. Ashe ya riga ya canjo sabbin takardu ya sa a aljihu, bai gaya wa kowa ba.

Ranar ya zo da farar babbar riga ta shadda, ta sha guga. Mutanenmu suka cika layi guda na kujeru, huluna reras. Aka kira sunanta, kiɗa ya tashi, ta fara. Da ta zo wajen tsallen nan na runtse ido, sai na ji wuri ya ɗauki tafi. Ta sauka daram a kan ƙafa ɗaya. Na juya in kama hannun Kawu, na ga kujerarsa ba kowa.

Ya riga ya kai 'yar ƙofar da 'yan wasa ke shiga. Mai gadin wurin ya san shi shekara da shekaru, ya zaci ruwa zai miƙa wa koci. Kawu ya tura ƙofa ya taka ƙanƙara da takalminsa na fata, hannu a sama da kuɗi, yana kiran "Mutuniyata!" Ita kuma tana tahowa da baya a guje, ba ta gan shi ba. Wata mata ta yi ƙara, 'yata ta waiga, ta kauce masa da ƙyar ta je ta daki shinge. Aka kashe kiɗa. Cikin wannan shirun ƙafafun Kawu suka tafi sama, ya faɗi ta baya, hula ta gangara, kuɗi suka watse suka manne a ƙanƙara. Ya yunƙura ya sake faɗuwa. Sai da ma'aikata suka zo suka ja shi ta hammata, babbar riga na jan ruwa. Turawa da Larabawa sun yi tsit. Dariyar da aka yi daga layin huluna ta fito.

Babban alƙali ya ce laifin ba nata ba ne, tana iya ci gaba daga inda aka tsaya. Ta koma tsakiyar fili ta tsaya, aka sa kiɗa, ta kasa ɗaga ƙafa. Sai ta juya ta fita.

Kafin magariba bidiyon abin da ya faru ya zaga wayoyin 'yan Arewan Doha, washegari ya kai gida, an ɗora masa kiɗan kalangu, an maimaita faɗuwar a hankali don kada wani ya rasa. A nan aka raɗa masa Sarkin Ƙanƙara. Wanda ya ɗauki bidiyon na san shi. Mai gadi ne a ɗaya daga dogayen benayen West Bay, kuma ya yi watanni yana kwana a kan katifar Kawu lokacin da ba shi da ko kuɗin burodi. Ranar ta'aziyya shi ya fi kowa jan addu'a.

A ranar gasar na ɗaga wa Kawu murya, abin da ban taɓa yi ba. Yana zaune a falonmu da ƙugu a kumbure, bai ko kalle ni ba.

Ya ce, "To in ban shiga ba, wa zai shiga? Ubanta na wajen aiki, ke kin naɗe hannu kamar 'yar rakiya. Yarinya ta yi abu a gaban Larabawa da Turawa, a ce ba ta da kowa?"

Na ce, "Kun kunyata ta, Kawu."

Washegari dabino ya iso.

Shugabannin kulob suka kira mu ni da babanta, suka ce ko dai tsohon nan kada ya sake taka wurin, ko mu ɗauke yarinya. Ban ga laifinsu ba, da ta yi karo da shi da ƙarfen nan da wani zancen ake. Da na kai masa saƙon ya ce, "Khalas, shi ke nan, ki ce musu na ji. Su bar mini yarinya dai."

Bai fasa zuwa ba ko rana guda. Yana tasowa daga Umm Salal bayan asuba kamar da, sai dai yanzu 'yata ta koma kujerar baya, ta toshe kunne da waya. Ya sauke ta a bakin lifta, ya gangara wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ginin, ya kashe mota don kada ya ƙona man kafil, ya zauna cikin wannan zafi yana jan carbi. Filin ƙanƙarar na bisa kansa. In ta dawo ya ce, "Mutuniyata, yau ke kika ci ƙanƙara ko ita ta ci ki?" Ta ce, "Lafiya." Takalmin ma ita ke goge abinta, da tawul.

Na yi ta ƙoƙarin nuna masa wasanta a waya, domin ta ci gaba sosai, har an kai ta wata ƙasa maƙwabciya ta zo ta uku. Sai ya sa tafin hannu ya rufe fuskar wayar.

Ya ce, "Ajiye, Uwata. Na ga yadda abin nan ke mai da mutum. Ni da idona zan gan ta."

Bayan an shekara na koma kulob na roƙa. Suka ce in koci ta amince kuma yarinyar da kanta ta nema, za a bar shi ya zauna a sama, nesa da ƙofa. Koci ta amince nan take. Na zo wa 'yata da maganar, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba yanzu ba, Umma. Sai na ci ta ɗaya tukuna." A makarantarsu har lokacin akwai yaran da in sun gan ta sai su ɗaga hannu su faɗi ta baya, domin iyayensu sun nuna musu a gida ana dariya. Ba zan ɗora wa yarinya laifin abin da manya masu gemu suka shuka mata ba. Takaicina yana kan mutanen da suka ci tuwonsa, kuma ban yafe ba tukuna, ban ma fara ƙoƙari ba.

Shi kuwa duk Juma'a in na kai masa miya sai ya tambaya, "An ce wani abu?" In ce, "Ana dubawa, Kawu." Ya gyaɗa kai. Ina zaton ya gane inda maganar ta tsaya, don ko sau ɗaya bai tambayi yarinyar ba. Abin da ya taɓa ce mini kawai shi ne ba a matsa wa yaro a kan abin da ke ba shi kunya.

A wannan wurin ajiye motocin 'yata ta same shi. Ta sauko daga horo wata safiya ta buɗe ƙofar baya ta shiga, ta jira ya yi tambayar da ya saba, bai yi ba. Kansa na jingine da gilashi, bakinsa ya karkace. Jini ne ya fashe masa a ƙwaƙwalwa. Aka kawo shi asibitinmu, ɗan kafil ya sa aka ba shi ɗaki shi kaɗai, ya yi 'yan kwanaki bai ce uffan ba, sannan ya cika wata hantsi ina riƙe da hannunsa. Allah ya jiƙanka, Kawu. Ya yalwata maka makwancinka kamar yadda ka yalwata wa baƙi ɗan ɗakinka, ya yafe maka taurin kanka, ya sada ka da uwar da kake kirana da sunanta.

Ana gobe zai rasu, 'yata ta zo asibiti bayan an tashi makaranta, da jakarta a baya. Tun ranar da ta same shi a mota ba ta yarda ta shigo ɗakin ba, a baranda take tsayawa. Ranar ta shigo ta rufe ƙofa. Ta ce, "Umma, ɗaga masa gadon." Na ɗaga. Ta ja kujera da teburin magani ta kai jikin bango, ta cire takalmin makaranta ta tsaya da safa a kan tayil.

Ta ce, "Kaka, ka duba. Sabon ne, ba ka gan shi ba."

Ta ɗaga hannu ta fara, tana rera kiɗan a hanci. Ɗakin ya yi mata kaɗan, sai ta riƙa taƙaita taku, ta kai bango ta juyo. Ta yi juyin, ta yi tsallen mai juyi biyu, ta sauka ta ɗan zame ta riƙe kanta, ta ci gaba har ƙarshe ba ta tsallake komai ba. Ta durƙusa ta yi gaisuwar da ake yi wa alƙalai, amma shi ta fuskanta. Idanunsa a buɗe suke, suna kuma wajen da take.

Matan da suka zo gaisuwa da na ba su wannan labarin duk sun ce ya gani, da yardar Allah ya gani. Na bar su a haka. Amma ni aikina ke nan, kuma da safiyar ranar ni da hannuna na haska fitila cikin idanun nan, ɗaya bayan ɗaya, ba abin da ya motsa.

Tana durƙushe tana haki ta juyo wajena.

Ta ce, "Umma, ya gani?"

Na ce mata ta tashi ta sa takalminta, tayil ɗin da sanyi.